Bakanike, ka hau motar tukuna kafin ka ce in sayo kaya

Wata biyu cur na yi ina yawon gareji-gareji a Kano da Marsandi 200 ɗin da mahaifina ya bari, ƙirar 1982, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Lafiyarta ƙalau har ranar da aka canza mata kuloci. Tun daga nan, da na hau hanyar Zariya allura ta kai 80, sai ƙasan kujera ya ɗauki rawa, madubin ciki ya yi ta karkarwa har ba na ganin na bayana.

Na koma wurin wanda ya yi aikin. Ko tashi daga benci bai yi ba. "Alhaji, taya ce, je ka yi balansin." Na yi, rawa na nan. Na biyu ya ce shokozoba, na tafi Ƙofar Ruwa na sayo guda biyu. Na uku ya kwance kafireta ya sa ni sayen filogi. Wallahi a cikinsu babu wanda ya zauna a motar nan muka hau titi ko na minti biyar. Wannan kanikanci ne ko canki-canka da kuɗin mutane?

Kuma na yi musu bayani da bakina. Sitiyari ba ya rawa, don haka ba tayun gaba ba ne. In motar na tsaye na taka totur, shiru. In tana gudu na sa ta a furi, injin ya lafa, rawar ba ta fasa ba. To me ya haɗa filogi da wannan?

Sai wani dattijo da ya tsufa a gyaran irinta. Ya karɓi makulli, muka je muka dawo, ya hau da ita kan rami ya haska farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa tayun baya. Ya ce, "Yaro, wa ya raba maka wannan?" Farfelar motar nan gida biyu ce, da boris a tsakiya cikin roba, kuma a haɗe aka daidaita nauyinta tun daga kamfani. In za a raba sai an sa alama, a mayar haƙori a kan haƙorinsa. Wancan da ya canza kuloci ya zare ya cusa yadda ya ga dama. Jijjigar wata biyu ta cinye robar tsakiya, ta tsattsaga faifan robar da ke bakin giyabos. Da faifan nan ya tsinke a guje, da iyalina a ciki fa?

Dattijon ya mayar da ita kan alamarta, ya canza robobin, ta natsu.

Na koma wurin na farko da tsohuwar robar a hannuna. Ko kallonta bai yi ba, sai cewa ya yi, "Ai tsufa ne, Alhaji, ka sayar wa 'yan gwangwan ka huta." Motar da mahaifina ya kai ni makaranta a cikinta, kai ka ɓata ta da hannunka, sannan ka ce in sayar!