Ranar da na yi faɗa da wani mai kira a rediyo

Likitan ido ne ya jawo mini. Ya ɗiga mini magani a idanu, ya ce in yi yini guda cur ban kalli waya ba, ban kalli talabijin ba, kwamfuta kuwa ko kusa da ita kada in je. Na ce, "Likita, to da me zan ci wannan yinin?" Ya ce, "Kunnuwanka ai lafiyarsu lau."

Washegari tun da sassafe na sa aka sauko mini da tsohuwar rediyo daga kan kabad, aka kaɗe ƙura, aka sa mata sabon batir. Na murɗa tun daga 87.5 har 108, iyakar zangon FM ke nan, duk inda na tsaya kiɗa ne ke tashi. Wuri ɗaya kawai na ji mutane na magana cikin natsuwa. Tashar ƙasa ce, irin wadda ba ta da sana'a sai zance daga safe har dare. Na gyara kwanciya na ce yau ni da ke ne.

Gab da labaran ƙarfe shida sai na ji "fit, fit, fit", har sau shida, na ƙarshen ya fi tsawo. Na ɗauka rediyon ce ke shirin mutuwa, na kai mata mari biyu a gefe. Ɗana yana ɗaura takalmin makaranta ya ce, "Baba, ba lalacewa ta yi ba, alamar cikar awa ce." Ashe BBC ta fara wannan tun 1924. Shekara ɗari duniya na saita agogo da abin, ni kuwa ranar da muka haɗu da mari na tare shi.

Labarai suka wuce, sharhin jaridu ya wuce, aka shiga shirin lafiya. Wata likita mai sanyin murya ta yi bayani kan hawan jini. Ta ce awo na ƙalau yakan tsaya wajen 120 bisa 80, in kuwa ya zauna a 140 bisa 90 ko sama, to a nemi asibiti. Sai ta ƙara da abin da ya kashe mini jiki: wai yawanci cutar ba ta nuna wata alama. Na tashi zaune na bincika jikina tsaf, kai ba ya ciwo, ba jiri, ba komai. Ko alama ɗaya babu. Nan take na tabbata ina da shi, kuma ya yi nisa.

Shirin manoma ne ya cece ni. Ni ko tukunyar fure ban taɓa rayawa ba, amma cikin rabin awa na san ma'anar 15-15-15 da ake rubutawa a buhun taki, na kuma ƙullaci duk mai watsa yuriya a saman ƙasa bai rufe ta ba, don sinadarin sai ya bi iska ya bar shuka da yunwa. Har tsaki na yi musu. Daga nan aka haɗa mu da zauren majalisa kai tsaye, inda aka daɗe ana gardama kan ko a ɗage zaman. Ban san yadda suka ƙare ba, ni dai na riga su ɗage nawa.

Na farka a tsakiyar wani shirin tarihi. Ana ba da labarin Marconi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro rediyo, yadda a watan Disamba na 1901 ya ce ya kama saƙon da aka aiko ta iska daga Ingila, ya tsallake Tekun Atlantika har tsibirin Newfoundland, a Kanada ta yau. Saƙon ma harafi ɗaya ne, S, ɗigo uku kacal. Na ce a raina, ji wahala saboda ɗigo uku.

Bayan rana ta karya aka sa wasan kwaikwayo, kuma a nan na fara zubar da girmana. Ana cikin wasa aka ƙwanƙwasa ƙofa, na tashi ina laluben bango na je na buɗe, ba kowa. Na dawo, aka sake, na sake zuwa. Sai a lokacin na gane cikin wasan ne. Da aka yi na uku na ɗaga murya na ce, "Ku yi ta bugawa, ba za ku sake tayar da ni ba!" Uwargida ce ta dawo daga aiki, ta manta makullinta. Ta yi tsayuwar minti goma kafin in yarda cewa ba 'yar wasa ba ce.

Ƙarfe biyar aka buɗe layi ga masu saurare. Batun ranar: me ya sa mutane suka daina sauraron juna? Wa ya fi ni cancanta, ni da na yi awa goma sha ɗaya ina saurare? Na tsara hujjoji uku a kaina. Da yake an hana ni kallon waya, uwargida ce ta riƙa danna lambar. Ta ce, "Maigida, ka tabbata kana son shiga?" Na ce ta dai danna. A karo na talatin da ɗaya layi ya shiga.

Mai gabatarwa ya ce, "Muna da mai kira, barka da war haka."

Na gyara murya na ce, "Barka da war haka, Malam, da kai da masu saurare."

Na cire wayar daga kunne na kara ta a baki, na karkata wajen rediyo don in ji yadda zan fito. Can sai wata siririyar murya, kamar ta mai mura, ta ce, "Barka da war haka, Malam, da kai da masu saurare."

Na ce, "Barka kadai, ɗan'uwa, amma ka bari in gama, layina ne."

Jim kaɗan ya ce, "Ka bari in gama, layina ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wannan shi ne abin da ake magana a kai! Mutum bai iya saurare ba, sai katsalandan, da muryarsa kamar ta ɗan akuya!"

Abin da ban sani ba shi ne, irin waɗannan shirye-shirye akan jinkirta su da 'yan daƙiƙoƙi kafin su fita iska, don in wani ya ɗura ashar a datse shi. Kuma mutum ba ya gane muryarsa daga waje, domin wadda yake ji kullum tana biyowa ta ƙashin kansa, ta fi kauri da daɗi. Duk tsawon lokacin nan mai gabatarwa yana cikin wayar yana ta roƙo, "Malam, ka rage muryar rediyonka," ni kuma wayar tana bakina. Jinkirin da aka yi don kare jama'a daga zagi bai yi aikin komai ba, tunda ba wanda na zaga sai kaina.

Uwargida ce ta yi tsalle ta kashe rediyon. Na mayar da wayar kunne daidai lokacin da mai gabatarwa, yana danne dariya, yake cewa, "Mun gode ƙwarai, ka ba mu misali a aikace." Ƙit, aka yanke. Hujjojina uku ko ɗaya ba ta fita ba. Marconi da ɗigo uku ya tsallaka teku, ni jimla ɗaya ta gagare ni.

Ko minti biyu ba a yi ba yayana ya kira. Bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Kai ne ko?" Na ce wa? Ya ce, "Duka biyun."

Da dare na gudu zuwa matsakaicin zango. Idan rana ta faɗi, saƙon wannan zango yakan daki wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, shi ya sa tashoshin nesa ke shigowa. Na samu wata da ake wani yare da ban taɓa ji ba, na kwanta ina jin daɗi, ga mutanen da ba su san ni ba. Uwargida ta miƙo hannu ta ce in ba ta ta ji hasashen yanayin gobe. Ta mayar FM, sai ga sanarwa: "Ga waɗanda ba su samu ji ba, yanzu za mu maimaita shirinmu na yamma."

Na ce ta kashe. Ta ƙara murya, ta leƙa ta kira yara. Suka zauna a bakin gado sun yi tsit, sauraron da ban taɓa ganin sun yi wa kowa ba. Can ɗana ya taɓa ƙanwarsa ya ce, "Yi shiru, yanzu ɗan akuyan zai shigo."