Idan kowa ya bar ilimin kwamfuta, wa zai duba aikin na'urar?

Tun watan Fabrairun 2024 da shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, ya faɗa a wani taro a Dubai cewa ba lallai ne yara su koyi rubuta manhaja ba tunda ƙirƙirarriyar basira za ta yi musu, maganar ta zama karatun da ake biya wa duk ɗalibin da ya zaɓi ilimin kwamfuta a jami'a. Iyaye sun tsorata, ɗalibai na neman sauya fanni. Abin yana ƙona mini rai, musamman da yake kamfanin mai maganar ne ke sayar da na'urorin da ake horar da basirar a kansu. Mai haja ai ba ya kushe hajarsa.

Kuskuren masu yaɗa zancen shi ne sun ɗauka buga umarni a allo kawai ake zuwa koya. Ɗalibin kirki lissafi yake sha, ya san yadda ake tsara bayanai, ya gane dalilin da dabarar da ta yi aiki da sunaye dubu take durƙushewa idan sun kai miliyan ɗari. Tun 1936 masanin lissafi Alan Turing ya tabbatar da cewa babu manhajar da za ta iya tantance ko kowace manhaja za ta kammala aikinta ko za ta yi ta zagaye. ChatGPT bai soke wannan hujja ba.

An ma taɓa jin irin wannan. Da kamfanin IBM ya fito da yaren rubuta manhaja mai suna FORTRAN a 1957, ana kallonsa a matsayin hanyar da na'ura za ta rubuta wa kanta umarni, amma sai masu sana'ar suka ƙaru. Bayan faɗuwar kamfanonin intanet a 2000 ɗalibai a Amurka sun guje wa fannin, wayoyin zamani na zuwa kuma aka koma nemansu ruwa a jallo.

Masu kafa hujja da ma'aikata 12,000 da Google ya sallama a Janairun 2023 sun manta da ɗibar ma'aikatan da kamfanonin suka yi ba lissafi a lokacin korona.

Su tuna da Yulin 2024. Gyaran manhaja ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Mutanen da suka san cikin na'ura ne suka gano matsalar. Yanzu da na'ura ke zubo manhaja babu ƙaƙƙautawa, wa zai karanta ya ce nan akwai ɓaraka? Bankuna, asibitoci da masu tsaron intanet duk irin wannan mutum suke nema.

Na yarda ƙofar aikin farko ta ƙuntata, kuma sabon mai digiri na shan wuya. Laifin jami'o'in da har yau hadda suke jarrabawa a kai ne. A miƙa wa ɗalibi manhajar da na'ura ta rubuta, a ce ya nemo inda ta yi kuskure, a ba shi maki a kan haka.