Aljanun Waifai a Gidan Alhaji

Alhaji yana zaune a falo da waya a hannu, Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, Boka kuma ya baje ƙasar dubansa a kan buzu. Sai ga Ɗan Boko, ɗan ƙanwar Alhaji, ya yi sallama.

Alhaji: Yauwa, shigo yaro. Tunda an kashe dukiya an kai ka jami'a, lokaci ya yi da dangi za su ci moriyar kuɗin. Intanet ɗin gidan nan ya zama kamar amarya mai kunya, ya leƙo ya koma, alhali kuwa kowane wata sai na biya kuɗin data ba ragi.

Boka: Ranka ya daɗe, ai na riga na buga ƙasa. Mutanen tsamiyar bayan gida ne suke shanye sabis ɗin, shi ya sa abin ya fi tsanani da magariba, kuma maganinsa baƙin zakara ne da turare.

Ɗan Boko: Kawu, kafin a taɓa zakara ina da tambaya. Idan abin ya yanke, alamar waifai da ke saman waya ɓacewa take yi, ko kuwa tana nan amma babu abin da yake buɗewa? Idan ta ɓace, matsalar tana tsakanin waya da rauta, na'urar da take raba waifai, wato a cikin gidan nan take. Idan kuwa tana nan, to ko data ce ta ƙare, ko kuma sabis ɗin kamfani ne ya yi rauni.

Alhaji: Ni ba na duba alama, faɗa nake yi.

Hajiya: Ɓacewa take yi, ɗan nan, musamman idan mutum ya zauna a tsakar gida.

Ɗan Boko: To, a nuna mini inda rautar take.

Alhaji: Tana cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun filaye, a ƙarƙashin gado, na huda wa wayar wuta ƙofa na kuma sa kwaɗo. Ba zan sayi sabis da gumina ba in bar shi yana yawo har gidajen maƙwabta.

Ɗan Boko: Kawu, ai kai ne ka ɗaure shi. Ƙarfe yana tare saƙon waifai fiye da komai, bayansa sai bangon siminti da madubi da tankin ruwa, ga kuma zafin da na'urar take ɗauka a wurin da babu iska, wanda yake sa ta kashe kanta ta sake tashi. Wurinta shi ne tsakiyar gida, a kan wani abu mai tsawo kuma a fili, kuma tunda irin mai layin waya ce, gara ta kusanci taga domin ta ji turken sabis da kyau.

Alhaji: Taga? Ka ce kawai in ɗauka in kai wa maƙwabta sadaka.

Boka: Duk wannan surutun bai bayyana batun magariba ba. A gaya mini, wane ƙarfe ne ya san lokacin faɗuwar rana?

Ɗan Boko: Hajiya, me ake kunnawa a gidan nan da magariba?

Hajiya: Babu komai sai na'urar ɗumama abinci, domin Alhaji ya hana a kunna gas don ɗumama miyar jiya. Ɗakin girkin kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da gadonsa.

Ɗan Boko: To ga aljanin magariba nan. Na'urar ɗumama abinci tana aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4 (zango kamar mitar rediyo yake), wanda shi ne dai zangon da waifai ya fi amfani da shi, saboda haka muddin tana juyawa sai ta danne muryar rautar. Idan rautar tana da zangon gigahaz 5, sai na kusa da ita su koma can, domin ya fi sauri kuma cunkosonsa kaɗan ne, sai dai ba ya ratsa bango sosai. Na nesa kuma su tsaya a 2.4, mu zaɓa musu tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, domin su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Hajiya: Ashe miyata ce take korar intanet, ni kuwa har na fara zargin amarya.

Alhaji: Na dare fa? Yakan ɗauke ko babu miya.

Ɗan Boko: Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareta, rautar mutuwa take yi, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo hayyacinta. Akwai ɗan ƙaramin batir mai bolt 12 da ake haɗa mata, wanda yake riƙe ta har wuta ta dawo.

Alhaji: Duk maganin da sai an saya, a ajiye shi gefe tukuna. Ni ina da nawa na kyauta, domin kullum nakan soka tsinken sakace a ɗan ramin da ke bayanta har sai fitilunta sun mutu.

Ɗan Boko: Innalillahi! Kawu, wannan ramin yana goge duk wani saiti ne, har kalmar sirri ta koma ta asali wadda aka buga a takardar da ke ƙarƙashin na'urar. Abin da ake so shi ne a zare ta daga wuta, a jira daƙiƙa 30, sannan a mayar. Bari in shiga shafin saitinta, adireshin yana jikin takardar, yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Kawu, wayoyi nawa ne a gidan nan?

Alhaji: Shida ne, har da ta maigadi wadda ba ta da hoto.

Ɗan Boko: To ni ga 23 ina gani a haɗe, kuma kowace tana jan rabonta.

Alhaji: Ta ina suka shiga, akwati yana kulle, makulli yana wuyana?

Hajiya: Alhaji, ka manta makon jiya ka buɗe wa Boka domin ya yi mata hayaƙi? Na ga ya kifa ta yana ɗaukar hoton gindinta, ya ce hatimin aljanun yake karantawa.

Boka: Sharri ne irin na mata, ranka ya daɗe. Ni da nake magana da sarkin aljanu kai tsaye, me zan yi da sabis ɗin ɗan Adam?

Ɗan Boko: Babu laifi, na sauya kalmar sirrin yanzu, kowa ya fita sai wanda Kawu ya ba sabuwa.

Boka: Kai yaro, mayar! Saura kaɗan hoton ya gama tafiya, matar tana can tana jiran sakamakon dubanta!

Alhaji: Hajiya, rufe ƙofar nan ki ɗauko mini littafin bashi. Yaro, lissafa mini kuɗin wayoyi 17 na mako guda, kuma kada ka manta da kuɗin hayaƙin da na biya.

Boka: Ranka ya daɗe, sauran 16 ɗin masu jiran layi ne a zaurena, ba ni ba ne.

Alhaji: Su ma ta hannunka za su biya. Ka bar buzun nan jingina kafin ka fita.