A daina fakewa da hazo idan jirgi ya faɗi wajen sauka

Da zarar jirgin fasinja ya rikito a bakin filin jirgi, sai a fito a ce rashin kyawun yanayi ne, a yi ta'aziyya, a rufe magana. Haba! Yau aka fara hazo ko ruwan sama? Ai sauka tana da ƙa'ida, kuma da jinin mutane aka rubuta ta.

Jirgi yana gangarowa ne a kan digiri 3, wato yana rage kusan ƙafa 300 a kowane mil. Idan ba a ganin gari, to kafin ya kai ƙafa 1,000 daga ƙasa dole komai ya daidaita: tayoyi a waje, fukafukai a shirye, gudu daidai, gangarowa kada ta wuce ƙafa 1,000 a minti. Sannan akwai tsayin yanke shawara, wanda a matakin farko na ILS, wato na'urar da ke yi wa jirgi jagora zuwa titin sauka, kusan ƙafa 200 ne. Matuƙi ya kai nan bai ga titi ko fitilunsa ba, babu wani lissafi, sai ya ba injin wuta ya koma sama. A wannan tsayin abin da ya rage tsakaninsa da ƙasa bai kai daƙiƙa 20 ba, injin kuma yana cin daƙiƙoƙi kafin ya kawo cikakken ƙarfi. Wanda ya ce bari in ƙara leƙawa ya riga ya cinye lokacin.

Abin da ya faru ke nan a Fatakwal ranar 10 ga Disamba 2005. Jirgin kamfanin Sosoliso daga Abuja ya shiga hadari, iska ta juya masa, matuƙa suka gangaro ƙasa da tsayin da aka ƙayyade ba tare da sun ga titi ba. Ko da suka yi yunƙurin tashi, bakin alƙalami ya bushe. Jirgin ya daki ƙasa, ya ci karo da magudanar kankare a gefen titi, ya kama da wuta. Mutum 108 suka rasu, 60 daga ciki 'yan makaranta ne masu tafiya hutu. Fitilun titin kuwa a kashe suke. A kashe! Wa zai ce hadari ne ya kashe fitilun, ko shi ya gina kankare a inda ya kamata a bar fili?

Na jirgin kamfanin Dana a Yunin 2012 ma ba a Iju-Ishaga, unguwar Legas da ya faɗi, matsalar ta fara ba. Inji ɗaya ya rage ƙarfi tun jim kaɗan da barin Abuja, aka ƙi neman fili mafi kusa, aka nace sai Legas, na biyun ya mutu ana gab da sauka. Duk mutum 153 da ke ciki suka tafi, har da wasu a gidajensu.

Mu ma fasinjoji muna da namu. Hunturu ya turnuƙe, a karkatar da jirgin Kano ko Sakkwato zuwa Abuja, sai ka ji ana zagin matuƙi kamar ya yi sata. Kamfani kuma yana can yana ƙirga kuɗin mai, yana ɗaure fuska ga wanda ya fasa sauka. Wannan matsin shi ke tura mutum ya nutsa cikin ƙura yana lalube.

Masu kula da filaye su amsa mana: yaushe rabon da a tashi jirgin gwaji a auna na'urar ILS ta kowane titi? Daƙiƙa nawa janareto ke ɗauka idan wuta ta ɗauke jirgi na bisa hanya? Filaye nawa ne na'urar gano juyawar iska ke aiki a cikinsu yau?