Kowa na kukan rainin hankali, kowa na raina na wani

Abin da aka yi a shirin rediyon daren jiya kan faɗan taron siyasar ƙarshen mako abin kunya ne ga waɗanda suka yi maganar da waɗanda suka biya musu kuɗin fili. Yaro yana kwance a asibiti da ɗinki a ka, amma sojojin baka biyu suka kwashe awa guda kowanne yana zargin ɗan'uwansa da raina wa jama'a hankali. Na farko ya ce 'yar hatsaniya ce ta matasa, kuma bidiyon da ke yawo a WhatsApp tsoho ne. Na biyu ya yarda an yi ta'asa, sai dai yaran da aka gani da gora da adduna ba nasu ba ne, bai ma taɓa ganinsu ba. Madalla da wannan basira. Ashe mu mutanen Gombe ba mu san 'yan daban siyasa na Kalare ba, ba mu kuma san motocin da ke kwaso su ba.

Duk wanda ka ji ya fi kowa ɗaga murya cewa ana raina masa hankali, ka koma ka duba abin da ya faɗa ranar da gawar ta abokan hamayyarsa ce. A nan za ka san ko gaskiya yake nema ko kuwa riba.

A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa 12, kuma a maƙwabciyarmu Bauchi aka kashe masu yi wa ƙasa hidima 10. Wasu daga cikinmu suka ce zuzutawar jaridun Legas ce, yayin da wasu can suka ƙirga waɗannan matasa kaɗai, suka ƙi ambaton ɗimbin mutanen da aka hallaka a Zonkwa da Kafanchan. Kowane ɓangare ya zaɓi gawarsa, ya musanta ta wani, sannan ya juyo yana kukan an zalunce shi. Daga Disambar 2015 an yi ta gardama kan arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya har sai da gwamnatin Kaduna da kanta ta shaida wa hukumar bincike cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. A Oktoban 2020, da aka yi harbi a wurin zanga-zangar adawa da cin zalin 'yan sanda a Lekki da ke Legas, mutanenmu da yawa suka shiga Facebook suna tambaya cikin izgili ko ina gawarwakin suke. Ba a cika shekara huɗu ba, a zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024, Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta, sai ga masu izgilin jiya suna rantsuwa da Allah cewa ana wasa da hankalinsu.

Kada ma a ce batun jam'iyya ne. A Nuwamban 2021, lokacin da aka yi arangama kan ayarin Sanata Ɗanjuma Goje a nan Gombe har aka rasa rayuka, ɓangarensa da na gwamna duk 'yan APC ne, kuma kowanne ya fitar da sanarwa yana ɗora wa ɗayan laifi.

Na san za a ce akwai bidiyon bogi. Akwai, amma ɗinkin da ke kan yaron nan ba kwamfuta ce ta haɗa shi ba, kuma mahaifiyarsa da ke zaune a bakin gadonsa ba hayarta aka yi ba. Masu cewa na haɗa mai laifi da marar laifi kuwa, su fara nuna mini rana ɗaya da suka yi Allah wadai da yaran gidansu, sannan mu yi magana. Wallahi abin yana yi mini ciwo, domin wanda aka sare shi sannan aka ce masa bai ga abin da ya gani ba, an cuce shi sau biyu.

Su kuma gidajen rediyon da ke sayar da fili ga duk wanda ya zo da kuɗi, sannan su fake da cewa ra'ayin mai magana ne ba na tashar ba, ya kamata hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta tambaye su dalilin da ya sa ake katse wayar duk wanda ya kira ya ce yana wurin da abin ya faru.