Yaran Aliquippa ba su yi laifin komai ba sai cin wasa

Jama'a, abin da hukumar wasannin sakandare ta jihar Fensilbeniya, PIAA, ta yi wa makarantar Aliquippa a farkon 2024 zalunci ne, kuma duk wanda ya ce adalci ne bai zauna ya yi lissafin ba. Makarantar gwamnati ce ta ƙaramin gari, yaranta maza da ake ƙirgawa ba su kai 200 ba, aka ce dole ta hau rukunin 5A a ƙwallon zari-ruga na Amurka, ta kara da makarantun da suka ninka ta sau biyu, sau uku. Sai da ta garzaya kotu, alƙali a gundumar Beaver ya dakatar da hukuncin, sannan aka bar ta a 4A. Yaran sakandare sai sun je gaban alƙali kafin a bar su su yi wasa da waɗanda ƙarfinsu ya zo kusa da nasu. Wannan abin kunya ne ga hukumar.

Ga yadda tsarin yake, don masu musu su daina magana a iska. Tun 2016 jihar ta raba makarantu rukuni shida, daga 1A na ƙananan makarantu zuwa 6A na manya. Duk shekara biyu ana ƙirga ɗaliban aji 9 zuwa 11, maza daban mata daban, yawan kanku shi ke nuna rukuninku. Wannan ba wanda ke jayayya da shi. A 2018 aka ƙaro wani ma'auni na nasara: wadda ta shiga zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale na jiha tana da maki 1, kwata fainal 2, wasan kusa da na ƙarshe 3, wasan ƙarshe 4. A wancan lokacin, makarantar da ta tara maki 6 cikin shekara biyu, kuma aka samu yara uku ko fiye a ƙungiyarta da suka zo daga wata makaranta, sai a ɗaga ta rukuni ɗaya. Da wannan ma'aunin aka auna Aliquippa.

To ga inda gizo ke saƙar. Da yawan ɗalibai za a bi, Aliquippa 'yar 1A ce, in an matsa 2A. Ita da kanta ta zaɓi ta riƙa buga 3A don tana son karawa mai zafi, ba wanda ya tilasta ta. Da ta ci kofin 3A a 2018 makinta ya taru, sai hukuma ta ɗaga ta daga inda ta hau da ƙafarta, ta kai ta 4A a 2020. Ba a koma an duba ainihin rukuninta ba. Wato wanda ya ɗauki buhu biyu don raɗin kansa, da aka ga bai faɗi ba, aka aza masa na uku. Ta ci kofin 4A a 2021, ta doke makarantar Bishop McDevitt 34 da 27. Aka ce 5A. Ta ɗaukaka ƙara a 2022 tana cewa lafiyar yaranta na cikin haɗari, aka saurare ta aka bar ta. Ta sha kashi a wasan ƙarshe na 2022 a hannun McDevitt ɗin, ta dawo ta ci kofi a 2023. Wasan ƙarshe biyu, maki 8. Aka sake cewa 5A, wannan karon aka toshe kunne.

Wane darasi ke nan ga sauran ƙananan makarantu? Kada ku kuskura ku hau sama da kanku, ku zauna a ƙasa ku yi ta lallasa ƙanana, don wanda ya yi jarumta shi ake hukuntawa. Ma'aunin da aka ƙirƙira don daidaita gasa ya koma yana koya wa kociyoyi ɓoye ƙarfi.

Na san abin da za a ce: ai suna ci, tunda suna ci a 4A me zai hana su gwada 5A? Mai wannan magana bai san wasan ba. Wannan ba tseren gudu ba ne da kowa ke kan layinsa. Wasa ne na karo, mutum 11 da 11, minti 48, zango huɗu na minti 12. Babbar makaranta tana da tawagar kai hari daban, ta tsaro daban, ta bugun ƙwallo daban, ga benci cike. Yaronta ya yi karo na 'yan mintuna ya fito ya sha ruwa, ya huce. Ƙaramar makaranta kuwa, yaro ɗaya ne ke tare hanya lokacin hari, da ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya ya juya ya zama mai tsaro, bai ko cire hular kwano ba. A zango na huɗu ƙafafunsa sun yi nauyi, wuyansa ya gaji, kansa ya fara sunkuyawa lokacin karo, a gabansa kuma sabon jini ne da ya shigo yanzu daga benci. A nan ake samun buguwar ƙwaƙwalwa, a nan jijiyar gwiwa ke tsinkewa. Sannan ba wasa ɗaya ba ne, wanda ya kai wasan ƙarshe ya kwashe tun ƙarshen Agusta har Disamba yana wannan kowane mako. In babbar makaranta ta rasa yaro ɗaya ta rasa gurbi ɗaya. In Aliquippa ta rasa ɗaya ta rasa gurbi biyu, wani lokaci uku. Allon maki ba ya nuna wannan.

Sai maganar yaran da suka canja makaranta, wadda ita ce igiyar da aka ɗaure su da ita. Ku dubi garin. Aliquippa garin ƙarfe ne a bakin kogin Ohayo kusa da Pittsburgh, ya taɓa ɗaukar mutum sama da 25,000. Masana'antar ƙarfen ta durƙushe a shekarun 1980, yau mutanen garin ba su kai 10,000 ba. A irin wannan wuri iyali na tashi saboda kuɗin haya ya gagara, uwa ta koma gidan kaka, yaro ya yi zango ɗaya a wani gari ya dawo. A takarda duk sunansu ɗaya da yaron da aka bi har gida aka zawarto don tsayinsa da gudunsa. Ma'aunin da bai iya bambanta gudun talauci da zawarcin ɗan wasa ba, bai cancanci a yanke wa yara hukunci da shi ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne waɗanda aka yi dokar dominsu ba ta taɓa su. Tun 1972 dokar jiha ta buɗe wa makarantu masu zaman kansu ƙofar shiga PIAA, makarantun Katolika na Filadelfiya suka shigo a 2008. Makarantar gwamnati tana da iyaka, yaron unguwa kawai take ɗauka, wanda Allah ya kawo shi ne nata. Mai zaman kanta ba ta da iyaka, tana iya ɗauko yaro daga kowace gunduma, har daga tsallaken kogi a jihar New Jersey. Kuma in yaron ya shigo tun aji 9, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka canja makaranta, sabon ɗalibi ne kawai. St. Joseph's Prep, makarantar Katolika mai zaman kanta a Filadelfiya, ta ci kofin 6A a 2018, 2019, 2020, ta sake ci a 2022 da 2023. Ina za a ɗaga ta? Babu 7A. Tana saman bene, ma'aunin ya ƙare a ƙasanta. Ban ce ta karya doka ba, dokar ce aka yanka ta yadda babba zai wuce ta sama, ƙarami ya maƙale.

Wasu za su ce ai ma'aunin ya ɗaga wasu makarantu masu zaman kansu ma. To, ya ɗaga. Wadda ke da ikon ɗebo yara daga ko'ina, in an ɗaga ta sai ta ƙara ɗebowa, shekara biyu ta saba da sabon rukunin. Aliquippa daga ina za ta ɗebo? Titunan nan ne dai, gidajen nan ne dai. Kuma yaran da suka tara makin sun gama sun tafi, ƙannensu 'yan shekara 14 da 15 ne za su biya bashin.

Ba a ce gyaran yana da sauƙi ba, amma wasu jihohin sun fi kusa da gaskiya. Ilinoi tana ninka yawan ɗaliban makarantar da ba ta da iyaka da 1.65, Alabama ta fara da 1.35 tun 1999. Wannan ma yana da nasa aibu, don yana haɗa ƙaramar makarantar coci da ba ta taɓa cin komai ba da manyan masu zawarci a kwando ɗaya. Tenesi ta raba gasar gida biyu a 1997, masu bai wa 'yan wasa tallafin karatu suka koma nasu ɓangaren. Teksas kusan duk makarantunta masu zaman kansu suna da hukumarsu daban. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na Ohayo, da aka amince da shi a 2014 ya fara aiki a 2017. Su jerin sunayen ƙungiyar suke ɗauka, a bi yaro ɗaya bayan ɗaya: ina iyayensa suke zaune, a wace makaranta ya taso tun aji 7? Ɗan gida ba a ƙara komai a kansa. Wanda ya zo daga waje sai a ƙara lamba a kan yawan ɗaliban makarantar, lambar ƙwallon kwando kuma ta fi ta zari-ruga girma, don a wasan mutum biyar baƙo ɗaya na iya juya komai. Aiki ne mai yawa ga ofis, amma tambayar da ya kamata ke nan: daga ina yaranku suka fito? Fensilbeniya ta tsaya tana tambayar sau nawa kuka ci.

Mu ma nan gida mun san wannan ciwon, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a gasar makarantu ya ji ana gunagunin 'yan haya da masu rage shekaru. Ba wanda ke jin haushin makarantar da ta ci da 'ya'yanta. Garin da ya fitar da taurarin zari-ruga Mike Ditka da Ty Law da Darrelle Revis daga makaranta ɗaya, da 'ya'yansa yake ci, kuma a kan haka aka hukunta shi.

Wani abu ma da ya kamata a duba shi ne dokar tausayi. A Fensilbeniya in tazara ta kai maki 35 bayan hutun rabin lokaci, sai a bar agogo ya yi ta tafiya don a gama da wuri. Dokar tana da kyau, amma me ya sa sai an jira hutu? Wasan da aka yi 35 da nema tun zango na biyu ya riga ya mutu, abin da ya rage kawai yara ne gajiyayyu da ake ta bankewa. A bar alƙalin wasa da kociyoyin biyu su saki agogon daga lokacin da tazarar ta kai, kuma a sa wanda ke gaba ya sauke manyan 'yan wasansa ya shigo da na benci, su ma iyayensu sun biya kuɗin ƙofa sun zauna cikin sanyi suna jiran su ga lambar ɗansu a fili.