Sulhu ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa takardar saki

Tun daga auren zawarawa da aka fara a Kano a 2012 zuwa auren gata na ma'aurata 1,800 da aka ɗaura a Oktoban 2023, hukumomi da masu wa'azi sun zuba ƙarfinsu a kan yadda za a shiga aure, amma ba kasafai ake jin wani yana maganar yadda za a fita daga cikinsa da mutunci ba. Abin haushin shi ne yadda muka taƙaita sulhu a kan "yi haƙuri ki koma ɗakinki". Da zarar miji ya miƙa takarda, dattawan da suka ci goron ɗaurin aure sai su watse, a bar mace da ƙunshin kayanta da 'ya'ya a gidan ubanta, daga nan kuma sai sammaci.

Alhali a daidai lokacin ne aka fi buƙatar su. Aya ta 1 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga gidanta a cikin idda, amma mata nawa ne ke kwana a ɗakinsu ranar saki? A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, renon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuwa na wuyan uba. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da sai alƙali ya yanke shi. Waliyyai biyu da limamin unguwa za su iya zama a zaure su tsayar da kuɗin abinci da na makaranta, ranar da uba zai ga 'ya'yansa, da yadda za a kwashe kayan ɗaki ba tare da an yi rigima a kan katifa ba.

Masu cewa sai kotu ce ke ƙwatar wa mace haƙƙinta su je su ga yadda ake ɗage zama wata bayan wata, tana cin bashin kuɗin mota, sirrin ɗakinta kuma ana tona shi a gaban 'yan kallo. Masu cewa "ai an rabu, magana ta ƙare" kuwa galibi gudun ciyarwa suke yi, suna fakewa da kunya.

Hisbah da masu unguwanni su daina ƙidaya nasara da yawan matan da aka mayar kawai. Inda zama ya gagara, a rubuta yarjejeniyar rabuwa gaban shaidu, kowa ya sa hannu, wanda ya saɓa ne kaɗai za a kai gaban alƙali.